Wa Zai Biya Akuyar Iya?

A zangon karatun da ya gabata, muna tsakiyar darasin adabin baka da ɗalibanmu a nan Gwagwalada, sai muka kawo ɗaya daga cikin tatsuniyoyin nan da Gizo yake yaudarar Kura har kwaɗayinta ya kai ta ga halaka. Ɗalibai suka yi ta dariya kamar yadda aka saba, domin ita Kura ta tatsuniya dama don a yi mata dariya aka yi ta: ga haɗama, ga tsoro, ga wauta. Da dariyar ta lafa sai wata tambaya ta faɗo mana a baki, wadda ba ta cikin abin da muka shirya. Muka ce, a cikinku wa ya taɓa jin kukan kura da tsakar dare yana kwance a ɗakin uwarsa? Aji ya yi tsit. Can sai wani ya ɗaga hannu ya ce ya taɓa ganin ta a hannun gardawa wajen Dei-Dei, an sa mata takunkumi ana jan ta da sarƙa. Wata kuma ta ce ta gan ta a gidan namun daji na Kano, tana kwance a kan siminti kamar tsumma. Iyakar shaidun ke nan, kuma ko su biyun ba su ji kukanta ba.

Muna shirin komawa kan darasi sai wani ɗalibi mai yawan tambaya ya ce, "Malam, na ga wani majigi a waya, Turawan Amurka suna buɗe akwatuna suna sakin kyarketai a daji, jama'a suna ta murna. To me ya sa su suke dawo da abin da mu muka kora?" Muka ba shi irin amsar da malami kan bayar in lokaci ya ƙure, wato za mu waiwayi maganar. Amma tambayar ta bi mu har gida, ta kuma tono mana wani abu da muka yi shekara talatin da ɗoriya ba mu faɗa wa kowa ba.

Mun taso ne a wani ƙaramin ƙauye da ke gefen dajin Falgore, a kudancin Jihar Kano. A lokacin ƙuruciyarmu kukan kura ba baƙon abu ba ne. Da an yi sallar lisha, an rufe kaji, an ɗaure awaki a turke, in dare ya raba sai ka ji muryarta daga wajen tsauni, tana farawa daga ƙasa kamar nishin mai ciwo, sannan ta ɗaga sama ta katse. Karnukan gari su ɗauki haushi gaba ɗaya, yara mu ƙanƙame zanen iyayenmu. Ba ma kiran sunanta da dare, sai dai a ce Amina. Kakarmu, wadda duk gidan ake kira Iya, tana da wata jar akuya mai haihuwar tagwaye, kuma ta riga ta faɗa wa kowa cewa 'ya'yan da ke cikinta na "maigidanta" ne, wato mu, saboda wasan jika da kaka. Da su za a saya mana akwatin ƙarfe da katifa in mun ci jarrabawar shiga makarantar kwana.

Da damunar 1989, wani dare da aka sheƙa ruwa har danga ta kwanta, kura ta shigo ta tsinke igiya ta tafi da akuyar. Ba wanda ya ji ko motsi saboda ƙarar ruwa a kan kwano. Da safe Iya ta tsaya a bakin turke riƙe da guntun igiyar, ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati da ƙarfi ba, ta dai ce, "Maigida, an tafi da akwatinka." Har yau in muka rufe ido muna ganin wannan guntun igiya.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi zama a zuciyarmu. Aka kira wani tsohon maharbi, ya zo ya tsuguna a kan laka yana duba sawu kamar mai karatun allo. Wasu sun fara zargin karen maƙwabta, wasu kuma sun fara raɗe-raɗin ɓarawo, har an ambaci sunan wani saurayi. Tsohon ya ce a yi hankali da baki. Ya nuna mana cewa dagin gaba ya fi na baya girma, ga kuma shatar farce, wadda ba a gani a sawun damisa domin ita tana janye faratanta in tana tafiya. Ya bi jan da aka yi wa akuyar har bayan gari, ya nuna mana busasshen kashi fari fat a kan dutse, ya ce na mai cin ƙashi ne. Ya ƙara da cewa tsohuwa ce, tana ɗingisa ƙafar hagu, kuma ita kaɗai ce a cikin 'yan uwanta take kusantar gari. Da wannan ya wanke kare, ya wanke saurayin. Sai dai ba wanda ya kula da ƙarshen maganarsa, wato cewa mai laifin guda ɗaya ce.

Bayan kwana biyu wani jaki ya mutu a unguwar. Manya suka ja mushensa bayan gari, suka barbaɗa masa maganin ƙwari na gona. Mu yara muka raka su muna tsalle. Kashegari aka tarar da kuraye a kwance, da dila, da karnukan gari da suka je kwaɗayi, da ungulaye birjik, wasu sun mutu a kan mushen, wasu sun faɗo daga bishiya. Ko mai ɗingishin tana cikinsu, tsohon maharbin bai ce ba, domin ya ƙi zuwa wurin. Mu dai mun yi murna ƙwarai, mun jefi gawar kura da dutse, mun ji an rama wa Iya. Ba mu sake jin kukan kura a ƙauyen ba sai jifa-jifa, daga baya ya ɗauke ɗungurungum. Akuya kuwa ba ta dawo ba. Sai da mahaifinmu ya sayar da hatsin da ya kamata a ci kafin kaka, sannan aka sayi akwatin.

To, kafin mu amsa wa ɗalibin nan tambayarsa, akwai matsalar suna, wadda ta shafe mu kai tsaye a matsayinmu na manazarta harshe. Dabbar da ya gani a majigi, mai ruwan toka, mazauniyar ƙasashen sanyi, babu ita a ƙasar Hausa. Kyarkecin da kakanninmu suka sani shi ne karen dajin nan mai dabbare-dabbare da manyan kunnuwa, mai farauta a garke, wanda yanzu da wuya a sami maharbin da zai ce ya gan shi a Nijeriya. Masu fassara ne suka ari sunansa suka ba wancan na ƙetare. A ƙissar Annabi Yusufu, alaihissalam, dabbar da 'yan uwansa suka ɗora wa laifi ita ce Larabawa ke kira zi'ibu, kuma Shehu Abubakar Gumi da kerkeci ya fassara ta. Abin lura a nan shi ne, kyarkecin da Bahaushe ya fi sani a littafi, ƙarya aka yi masa, aka shafa jini a riga aka ce shi ne. Wani abin mamaki kuma, a 2015 wasu masana ƙwayoyin halitta a ƙarƙashin Klaus-Peter Koepfli suka buga sakamakon binciken da ya nuna cewa dilan nan mai ruwan zinariya na Sahel da Arewacin Afirka ba jinsi ɗaya ba ne da takwaransa na Asiya da Turai kamar yadda aka daɗe ana zato, ya fi kusa da kyarkecin Turai. Ashe malamin daji na tatsuniyoyinmu ɗan dangi ne ga dabbar da ake ta rigima a kanta a can. Ya ɓoye asalinsa ga masana fiye da shekara ɗari, abin da ya dace da dila.

Yanzu ga labarin dawowar. A gandun daji na Yellowstone da ke Amurka an kashe kyarketai na ƙarshe a 1926, kuma ma'aikatan gwamnati ne suka yi aikin, da bindiga da tarko da guba, daidai da yadda manyanmu suka yi da mushen jaki. Bayan an kafa dokar kare halittu masu shirin ƙarewa a 1973, aka shafe shekara ashirin ana muhawara da shari'a. A 1995 aka kamo guda 14 daga Kanada aka sake su a gandun, a 1996 aka ƙara 17. A Turai kuwa ba wanda ya kai su, da ƙafarsu suka koma. An gan su a kudancin Faransa a 1992 sun ƙetaro daga Italiya, a Jamus kuma aka haifi 'ya'yan farko a 2000, a wani filin atisayen soja kusa da iyakar Poland. Zuwa 2023 Hukumar Tarayyar Turai ta ƙiyasta cewa sun haura 20,000 a ƙasashenta, suna kuma kashe dabbobin gida kimanin 65,000 a shekara, mafi yawansu tumaki da awaki. Masu goyon baya suna cewa dawowarsu ta rage yawan manyan barewin da ke cinye tsirrai a bakin rafuka, ko da yake masana ba su daidaita a kan girman wannan tasiri ba. Masu tumaki kuwa ba ruwansu da rafuka, gawa suke ƙirgawa da safe.

Abin da ya fi jan hankalinmu a duk wannan labari shi ne irin wahalar da ake sha don a san kowace dabba da inda take. Akan bi kyarkeci da jirgi mai saukar ungulu, a harbe shi da allurar sa barci, a ɗaura masa abin wuya mai na'urar da ke aika labarin inda yake ta tauraron ɗan'adam, a ba shi lamba. Akan ɗaure kyamarori a jikin bishiyoyi masu ɗaukar hoto da kansu in wani abu ya gifta. Akan bi sawu a kan ƙanƙara, a tsinci kashi da gashi a kai ɗakin bincike. Ta haka aka san cewa wani namiji mai lamba OR-7 ya baro garkensu a Jihar Oregon ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita har ya shiga California a ƙarshen 2011, na farko da aka tabbatar a jihar tun 1924. In kuma aka wayi gari an kashe tunkiya, jami'i yakan zo ya feɗe fatar ya duba zurfin haƙori da taruwar jini, domin a bambance abin da aka kashe da abin da ya mutu da kansa aka zo aka ci. A Jamus har yawun da ke bakin raunin akan lakata a gwada, a gano ko kare ne ko kyarkeci, in kyarkeci ne kuma wane ne daga cikinsu. Da muka karanta wannan sai muka tuna tsohon maharbinmu a tsugune a kan laka. Aikin ɗaya ne, kayan aikin ne suka bambanta. Bambanci na biyu shi ne, a can in aka ce mai ɗingishi ce, doka takan ba da izinin a nemi mai ɗingishin ita kaɗai.

Sai batun diyya, wanda shi ne ƙashin bayan al'amarin. Tun a 1987, kafin a saki ko guda a Yellowstone, wata ƙungiya mai suna Defenders of Wildlife ta kafa asusun biyan makiyaya kuɗin duk dabbar da aka tabbatar kyarkeci ne ya kashe, ta kuma biya fiye da dala miliyan 1 kafin ta miƙa aikin ga hukumomi a 2010. A Suwidin kuma tun 1996 aka bi wata hanya ta daban da makiyayan Sami masu kiwon barewar ƙanƙara. Maimakon a jira a ƙirga gawa, ana biyan al'umma gwargwadon yawan namun dajin da aka tabbatar sun haihu a makiyayarsu. Wato dai an mayar da rayuwar maƙiyinka abin da ke kawo maka kuɗi. Ban da wannan akwai dabarun kariya: manyan karnuka masu kwana da garke, shingen lantarki, igiya mai jajayen ƙyallaye da iska ke kaɗawa, da mahaya masu zagaya shanu dare da rana. Mafi yawansu ba abin da Bafulatani bai sani ba ne. Turawa ne suka manta da tsaron garke bayan sun ƙarar da namun dajinsu, yanzu suke sake koyo da kuɗin gwamnati.

Kada mai karatu ya zaci an zauna lafiya. A Jihar Colorado an kaɗa ƙuri'a a watan Nuwamba na 2020 a kan ko a dawo da kyarketai, masu cewa i suka yi rinjaye da ƙyar, da kashi 51 cikin 100 ba ma cikakke ba. Mutanen manyan birane irin su Denver ne suka rinjayar da ƙuri'ar, amma da aka tashi sakin guda 10 na farko a Disamba ta 2023, a yammacin jihar aka sake su, cikin makiyayan da yawancinsu suka ce ba sa so. Ba a yi wata biyar ba aka sami ɗan maraƙi a kashe. Dokar jihar ta tanadi diyya har dala 15,000 a kan dabba guda, duk da haka makiyayan suna cewa ba a biyan su barcin da suka rasa. Bahaushe ya riga ya gama magana a kan irin wannan rabo: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai dai a nan makiyayi ne a matsayin kura. A Turai kuwa, a watan Satumba na 2022 wani kyarkeci mai lamba GW950m ya kashe tsohuwar godiyar Ursula von der Leyen, shugabar Hukumar Tarayyar Turai, a gidanta da ke kusa da Hanover. A ƙarshen 2023 hukumar ta ba da shawarar a sassauta kariyar da doka ta ba kyarkeci, a Disamba ta 2024 ƙasashen Yarjejeniyar Bern suka amince. Masu tsegumi suna danganta abu biyun. Mu dai abin da muka lura shi ne, dubban tumakin talakawa sun riga godiyar mutuwa, amma sunan godiyar kawai duniya ta sani.

A nan gida fa? Wani bincike da Philipp Henschel da abokan aikinsa suka buga a 2014 ya ƙiyasta cewa zakunan da suka rage a duk Afirka ta Yamma kimanin 400 ne, a wurare huɗu kacal, biyu daga ciki a Nijeriya, wato Kainji da Yankari, kuma na Nijeriya duka ba su kai 50 ba. Manyan dawa ke nan, wanda sarakunanmu ke aron sunansa a kirari. Ungulu, wadda a da ba a raba ta da kwata, tun 2015 aka sa irin wadda muka fi sani a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, kuma mushe mai guba yana cikin abubuwan da suka jawo haka. Ba za mu ce ba mu da hannu ba. Amma akwai ƙoƙari nan da can. A Yankari ƙungiyar WCS ta ɗaura wa wasu giwaye abin wuya mai na'ura, ta kuma ɗauki mutanen ƙauyukan gefen daji su riƙa sanarwa in giwa ta doshi gonaki. A Nijar, raƙuman dawa na yankin Kure da suka ragu zuwa 49 a 1996 sun hayayyafa har suka haura 600, a 2018 kuma aka ɗauki 8 a mota aka mayar da su dajin Gadabeji a Jihar Maraɗi, inda suka yi kusan shekara hamsin ba a gan su ba. Ashe ke nan dawowa mai yiwuwa ce ko a ƙasarmu. Sai dai raƙumin dawa wake da ganyen bishiya yake ci, ba ya tsinke igiyar akuya.

Ita Abuja da muke zaune a cikinta, kafin dokar Janar Murtala Muhammed ta Fabrairun 1976, daji ce da tsaunuka da ƙauyukan Gwari da Koro da Gade da Gwandara da Bassa, da rugagen Fulani a tsakani. Kafin a tare a 12 ga Disamba, 1991, katafila ta riga ta kori abin da guba ba ta kashe ba. A yau a wannan birni ne ake da hedikwatar hukumar gandayen daji ta ƙasa, a nan ne kuma aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya a 2024. Wato duk wata shawara a kan naman daji da dabbar gida daga nan za ta fito, daga bakin mutane irinmu, waɗanda ba su da ko kaza a turke. Mu ne mutanen Denver na wannan ƙasa.

Saboda haka wata ranar Asabar muka nufi wajen makiyayar Paikon Kore, ba nisa da Gwagwalada, inda muke da wani dattijo da muka saba sayen nono a rugarsa. Bayan gaisuwa da tambayar shanu, muka kwashe labarin Amurka da Jamus muka faɗa masa, har da abin wuya da gwajin yawu. Ya saurara yana gyara igiyar maraƙi. Da muka gama muka ce, "Baffa, da hukuma za ta dawo da kuraye dajin nan, ta ce za ta biya duk abin da suka kama, za ka yarda?"

Ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. Ya ce, "Malam, ai kura mutuniyar kirki ce. Ɗaya take ɗauka ta tafi, ba ta da bindiga, ba ta kuma kiran waya ta ce a kai kuɗi. In ka hura wuta, ka yi shingen ƙaya, kana da kare da sanda, ta san gidanka ta kauce." Ya yi shiru kaɗan, sannan ya faɗa mana adadin shanun da ɓarayi suka kore wa ƙaninsa a dare ɗaya, ya ce ba wanda ya zo ya duba sawu, balle a yi maganar biya.

Muka ce, "To amma batun diyyar fa, Baffa?"

Ya ce, "Kafin a biya ni sai an san nawa gare ni, ko ba haka ba? Mu kuwa tun zamanin jangali, in ka ga mai takarda yana ƙirga shanunka, to raguwa za su yi. Sannan in kura ta kama mini maraƙi a daren Alhamis, wa zan gaya wa? In na je ofis, da wane harshe zan yi magana? Kafin mai dubawa ya zo Litinin, me zai tarar? Kura ai har ƙashi take cinyewa." Nan ya ɗaure mu, domin gaskiya ne, kyarkecin Turai yakan bar gawa a duba, kura kuwa ba ta barin shaida sai sawu, sawu kuma sai mai karanta shi, masu karanta shi kuwa suna ta mutuwa ba magada. Daga ƙarshe ya ce, "In da gaske suke, su ɗauki yaranmu aikin. Mu muke kwana a dajin. Mu za mu gaya musu inda take haihuwa." Bai taɓa jin sunan Suwidin ba, bai kuma san cewa a Kenya tun 2007 ake ɗaukar samarin Masai, waɗanda a da suke kashe zaki don nuna jarunta, aikin bin sawunsa da gargaɗin makiyaya ba.

A hanyar dawowa muka yi ta lissafi a zuci. Muna son kura ta dawo, ba za mu ɓoye ba. Muna koyar da adabin da rabin jarumansa namun daji ne, tun daga tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara ya buga tsakanin 1911 da 1913 har zuwa waɗanda Ibrahim Yaro Yahaya ya shirya wa makarantu, ga shi kuma muna koyar da su ga yaran da kura a wurinsu ba ta da bambanci da Dodo. Karin magana da yawa sun fara zama kwalabe marasa komai a ciki. Yaron da bai taɓa jin tsoron kura ba, ina zai san nauyin a ce an ba ta ajiyar nama? Amma da zarar wannan sha'awa ta taso mana, sai guntun igiyar Iya ya tsaya a gabanmu. Sha'awar tamu ce, mu masu albashi da katanga da ƙofar ƙarfe. Akuyar kuwa ta wata tsohuwa ce da ba ta da wata dukiya sai ita. Da a ce a safiyar nan ta 1989 akwai wanda zai zo ya karɓi shaidar maharbi, ya ƙirga wa Iya kuɗin akuya mai ciki a hannunta kafin kasuwa ta ci, muna kyautata zaton da ba a ja mushen jaki bayan gari ba. Ba ƙiyayya ce ta sa aka barbaɗa gubar ba, rashin wurin kai ƙara ne. Iya ta rasu muna shekarar ƙarshe a jami'a, ba a biya ta ba, mu ma da aka yi asarar dominmu ba mu kai ga saya mata wata ba.

Da muka koma aji muka ba ɗalibin nan amsar da ta samu, muka ce Turawa sun dawo da kyarkeci ne bayan sun yarda su ƙirga shi ɗaya-ɗaya, su kuma ɗauki nauyin ɓarnarsa daga aljihun kowa, duk da haka rigimar ba ta mutu ba. Sannan muka canza aikin hutun da muka yi niyyar bayarwa. Muka ce kowa in ya je gida ya nemi mafi tsufa a danginsa, ya tambaye shi yaushe ya ji kukan kura na ƙarshe, a ina, me ta kama, me aka yi a kai, ya rubuto da kalmomin tsohon ba tare da gyara ba.

Takardun suna kan teburinmu yanzu. Daga Zamfara, daga Bauci, daga Abaji da Kuje, kusan labari ɗaya ke maimaita kansa: jaki ko akuya, sannan guba, sannan shiru. Tsofaffi da dama sun auna lokacin da mulkin wani shugaba ko wata yunwa, abin da zai ba mai haƙuri damar zana taswirar yadda kura ta janye daga ƙasar nan shekara bayan shekara. Wata ɗaliba kuwa ba ta tsaya ga rubutu ba. Ta ɗauko muryar kakanta a waya, wani tsohon maharbi daga wajen Birnin Gwari, wanda da aka tambaye shi yadda kukan yake sai ya ce ba ya faɗuwa, ya rufe bakinsa da tafin hannu ya kwaikwaya. Muka sa ta kunna a aji. Muryar ta faro daga ƙasa kamar nishi, ta ɗaga sama, ta katse. Tsigar jikinmu ta tashi, muka dafa tebur. Ba wanda ya yi dariya. Can daga bayan aji wani ya ce, "Malam, don Allah a sake sa mana."